Zauren Mai Zane: Gawo, Allo da Takardar Siminti

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun fi na kullum yawa, har da waɗanda suka ɗauki hoton zanensu da waya suka turo mini nan Bauchi. Na duba kowanne, Allah Ya yi wa hannuwanku albarka. Huɗu na zaɓa. Ta farkon ce ta cinye mafi yawan filin, don tambaya ce da ni ma na daɗe ina ɗauke da ita kafin in sami inda zan sauke.

TAMBAYA: Malam, shekarata 22, ina zanen fuskokin mutane da fensir. Akan turo mini hoto a waya, in zana shi tamkar kyamara ce ta ɗauka, a biya ni. Amma wani yayana da ya yi karatun zane ya ce wannan kwafi ne kawai, ba ni da salo na kaina. Maganar ta tsaya mini a rai. Yaya mutum ke samun salonsa? Kai a wajen wa ka samo naka?
Daga wani matashi, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Ɗana, da farko kada ka raina abin da ke hannunka. Na ga zane ukun da ka haɗo da wasiƙar. Duk wanda ya iya fitar da ƙyallin ido da laushin mayafi da fensir ɗaya, ya sha zama, ya sha ciwon wuya, kuma abin da ya samu a kai halaliyarsa ce. Yayanka bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin magana ya faɗa. Hannu kam ka samu. Abin da ya rage ido ne, shi kuwa ido ba a fuskar waya ake horar da shi ba. Hoton da aka turo maka, wani ya riga ya zaɓi inda zai tsaya, ya zaɓi hasken da yake so, ya yanke abin da ba ya so a gani. Kai ka zo ne ka tarar an gama shawara.

Bari in ba ka labarin mutumin da ya kwance mini wannan ƙulli, ko da yake ban taɓa saka shi a ido ba. Sunansa Ibrahim El-Salahi, ɗan ƙasar Sudan, an haife shi a Umdurman a 1930. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne, saboda haka ya tashi yadda da yawanmu muka tashi, allo a cinya, kurtun tawada a gefe. Ya fara karatun zane a Khartum, sannan ya sami gurbi a makarantar Slade da ke Landan, ya zauna can daga 1954 zuwa 1957. Ya kwaso duk abin da Turawa ke koyarwa: yadda ake auna jikin mutum, yadda nisa ke ƙanƙantar da abu, yadda inuwa ke kwanciya a kan fuska. Ya dawo gida da ƙwarewa irin taka har da ƙari, ya kama koyarwa a kwalejin zane ta Khartum.

Sai ya shirya baje kolin ayyukansa. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa mutane sun zo ranar buɗewa, sun sha lemo, sun watse, daga nan babu wanda ya sake leƙowa. Ba don aikin ba shi da kyau ba. Mutanen gari sun duba ne ba su ga kansu a ciki ba. Abin ya daɗe yana cin sa, kusan shekara biyu ya kasa gaba ya kasa baya. Daga baya ya daina tambayar me ya sa ba su fahimce shi ba, ya koma duba abin da su suke ratayewa a ɗakunansu. Me ya gani? Rubutun Larabci da adon kayan hannu. Sai ya fara saka ɗan rubutu a kusurwar zane, ƙarami kamar kan sarki a jikin ambulan. Nan ya ga mutane sun fara matsowa, don sun ga abin da suka sani. Ya ƙara wa rubutun fili. Daga nan ya shiga farfasa haruffan, ya ja wutsiyar wannan, ya buɗe cikin wancan, har siffofi suka fara fitowa daga cikinsu, jinjirin wata, tsuntsu, fuska, tsiro. Launukansa ma suka koma na ƙasar da yake takawa, jaja-jaja da ruwan ƙasa da baƙi da fari. Tun farkon shekarun 1960 aka kawo ayyukansa nan Najeriya, aka nuna su a Mbari, cibiyar marubuta da masu zane ta Ibadan. A 2013 kuma babban gidan zanen nan na Tate Modern da ke Landan ya ware masa baje koli na dukan aikin rayuwarsa.

Ka lura da abu ɗaya: bai zubar da abin da ya koyo a Landan ba. Da wannan hannun da aka horar ya kama harafin allon mahaifinsa. Kuma ba shi kaɗai wannan tambaya ta hana barci ba. A 1958 a Zariya, wasu ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiya a kan ita wannan magana, cewa a haɗa dabarar da aka koya a aji da abin da aka gada a gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, wanda mahaifiyarsa ta iya.

Ni ina ɗalibi na fara ganin aikin El-Salahi, a wani ɗan hoto baƙi da fari cikin littafin laburare. Na tsaya a kansa har aka zo rufe ƙofa, don na ga lanƙwasar alƙalamin makarantarmu ta allo a inda ban taɓa zaton ganinta ba. Amma abin da ya juya ni gaba ɗaya ya zo ne bayan shekaru, da na ga jerin zanensa a kan wata bishiya da mutanen Sudan ke kira haraz. Na bincika sai na ga ashe gawo ne. Gawon nan namu, wanda ke kaɗe ganye da damina lokacin da kowane itace ke ado, ya kuma yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. Da yawa daga cikin zanen nasa ba su ma yi kama da bishiya ba, layuka ne miƙaƙƙu da aka ja da tawada mai launi. Halin gawon ya ɗauka, ba kamanninsa ba.

Akwai gawo a gonar kakana a ƙasar Misau. Na yi wasa a gindinsa tun ina yaro, amma sai a lokacin na gane ban taɓa kallonsa ba. Na ɗauki alkawari, na riƙa zuwa ina zana shi har shekara ta zagayo. Cikin Agusta na same shi tsirara, rassansa fari-fari da ƙaya, geron da ke ƙarƙashinsa kuwa ya ɗara na sauran gonar tsayi da kauri. Cikin Fabrairu na same shi lulluɓe da ganye, 'ya'yansa masu lanƙwasa suna faɗowa, awaki sun yi dafifi suna jiran kowane ɗaya ya taɓa ƙasa. Zanen farko-farko duk ƙoƙarin kama kamanni nake yi, ganye-ganye, reshe-reshe. Wajen zuwa na goma hannuna ya gaji da ƙirga, ya fara barin abin da ba dole ba. Tsagar ɓawon ta koma mini kamar layin rubutun warshu, inuwar ta zama tabarma ɗaya baƙa da na shimfiɗa da faɗin buroshi. Wani abokin aikina ya shigo ɗakina ya ga takardun a ƙasa, ya ce ko ba sa hannu ya san nawa ne. Ran nan na san wani abu ya samu, kuma ban kira shi ba, zaman da na yi ne ya kawo shi.

To, ɗana, ci gaba da aikin da ake biyanka, shi ne cefanenka. Amma kullum ka ware rabin awa ka ajiye waya. Zana kakarka tana tsinke zogale, ba ka ce ta tsaya ba. Je ka Tashar Dukku ka zana masu jiran mota, za su motsa, za ka ɓata takarda da yawa, a nan ne za ka koyi abin da ya wajaba a kama da wanda za a bari. Ka nemi mai zayyana a tsangaya ka zauna kusa da shi ranar da yake yi wa allon sauka ado, ka ga yadda yake raba fili ba tare da ma'auni ba. Sannan ka zaɓi abu ɗaya a Gombe, ko itace ko lungu ko Dutsen Bima daga inda kake hango shi, ka lizimce shi shekara guda. Bayan nan ka turo mini na farko da na ƙarshe.

TAMBAYA: Malam, ɗana ɗan shekara 11 ya cika littattafan makarantarsa da zane. Mahaifinsa ya yaga ɗaya a gabansa, ya ce haramun ne kuma ba sana'ar da za ta riƙe gida ba ce. Yaron ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Ni na rasa bayan wanda zan bi.
Daga wata uwa, Ƙofar Dumi, Bauchi.

AMSA: Hajiya, Allah Ya shirya mana su. Maigida ba ƙin yaron yake yi ba, tsoro biyu ne ke ransa, na lahira da na duniya, kuma duka biyun sun cancanci a amsa su da mutunci.

Na farkon ba fagena ba ne, ni ba malamin fiƙihu ba ne. Ki roƙe shi ku kai maganar gaban malamin da shi ya yarda da shi, ku tafi da littafin yaron a gani. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da aka karantar da mu: wani mai sana'ar yin hotuna ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya gargaɗe shi a kan surar abu mai rai, ya kuma nuna masa cewa in ba makawa ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan fili kuwa ba ƙarami ba ne. Zayyanar Alƙur'ani a cikinsa take. Aska takwas ta gaban babbar riga, da zanen hula, da na ƙwarya, da dagin da ke goshin zaure, duk a cikinsa suke. In kin sami hali ki sa a kai yaron Kafin Madaki ya ga ginin Babban Gwani, magini ɗaya da na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ya ɗaga kai ya kalli yadda bakan-gizon rufin suka haɗu. Wanda ya yi wannan, sai da ya gan shi a zuci kafin ya taɓa ƙasa. Ita ce baiwar da ke motsi a hannun ɗanki.

Tsoro na biyu kuwa ba zan ruɗe ki ba. A garin nan kaɗan ne ƙwarai ke riƙe gida da sayar da zane kaɗai. Ni akwai shekarar da biyu tak na sayar, albashin koyarwa ne ya rufa mini asiri. Za ki ji ana cewa wani zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu an sayar da shi a Landan a 2018 a kan sama da fam miliyan ɗaya. Gaskiya ne, amma shi ya rasu tun 1994, kuma ba da irin wannan ake lissafin tuwon dare ba. Abin lissafi shi ne, mai tsara gini da mai tsara atamfa da mai yin tambarin kamfani da mai zanen littafin karatun yara da mai ɗinki, dukansu daga irin littafin da aka yaga suka faro. Ki ɗauki takardar naira 20 ki juya bayanta ki nuna wa mahaifinsa: Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya, aikin hannu ne ya kai ta nan.

Tun ran gini ran zane. Ki saya masa littafin zane na daban da fensir biyu, da sharaɗin littafin lissafi na lissafi ne, kuma sai an gama aikin gida da karatun allo. In da hali, mahaifin ne ya dace ya miƙa masa da hannunsa. Yaro ba ya manta hannun da ya yaga masa takarda, amma ba ya manta wanda ya miƙo masa sabuwa.

TAMBAYA: Malam, ni malamin firamare ne, an ba ni darasin zane, yara sun kusa 80 a aji, ba fenti, ba buroshi, ba takarda. Nakan zana mangwaro a allo su kwafa. Na san bai isa ba. Me zan yi?
Daga wani malami, Dukku.

AMSA: Malam, sannu da ƙoƙari. Wanda ya damu har ya rubuto wasiƙa, ya riga ya yi rabin aikin. Bari in koma kan El-Salahi kaɗan, don amsarka na cikin labarinsa.

A 1975 yana babban jami'i a ma'aikatar al'adu ta Sudan aka kama shi, bisa zargin hannu a yunƙurin juyin mulkin da aka yi wa shugaban ƙasar na lokacin, Ja'afar Numeiri. Aka tsare shi a kurkukun Kober wata shida da 'yan kwanaki, ba a kai shi gaban alƙali ba. An hana su takarda da abin rubutu. Sai ya sami guntun fensir, ya riƙa yagar takardar buhun siminti ƙanana-ƙanana yana zane a ɓoye, in ya ji tafiyar gandiroba ya binne su a cikin yashi. Tun da takardar ba ta da faɗi, sai ya koyi fara zane daga ɗan ƙwaya ɗaya a tsakiya, ya bar shi ya yi ta tsiro, guntu ya haɗu da guntu. Bayan ya fito a 1976 wannan dabara ta zama hanyar aikinsa, manyan zanensa da yawa haka aka gina su, falle-falle.

Buhun simintin yanzu galibi na leda ne, amma kwali bai ƙare ba. Ka bi masu shago su tara maka kwalayen taliya da na sabulu, a farke su, cikin nan mai ruwan ƙasa ya fi farar takarda karɓar gawayi. Gawayin ma kai za ka yi: ka sami siraran rassa busassu kamar kaurin fensir, ka kankare ɓawon, ka cika gwangwani da su, ka rufe, ka huda murfin da ƙusa, ka tura cikin garwashi. Hayaƙi zai riƙa fita ta hudar. In ya ɗauke ka janye, kada ka buɗe sai ya huce sarai, in ba haka ba iska na shiga za su kama wuta su zama toka.

Fenti kuwa, ka jiƙa ƙaro ya kwana, ka tace da tsumma, shi ne abin da ke riƙe launi a jikin takarda, kamar dai yadda ake haɗa tawadar allo. Ka daka jan ƙasa, ka dama da ruwa, ka bar tsakuwar ta kwanta, ka tsiyaye na saman, ka bar shi ya lafa, laushin da ya zauna a ƙasa shi ne launinka. Farar ƙasa ta ba ka fari, baƙin tukunya ya ba ka baƙi, bular wanki ta ba ka shuɗi, kurkum ya ba ka ruwan ɗorawa. Zoɓo na da kyau ranar farko amma yana dusashewa, ka gaya wa yara tun da wuri kada ransu ya ɓaci. Buroshi kuma asuwaki ne da aka tauna bakinsa ya yi laushi. Mutanen da suka yi zanen da ke jikin duwatsun Geji da Shira ba su jira kanti ba, ga shi har yau ana zuwa kallo.

Sai dai abin da na fi so ka canza ba kayan aiki ba ne, mangwaron nan na allo ne. In ka zana suka kwafa, mangwaronka za ka samu sau 80. Ka fitar da su gindin bishiya, su yi da'ira, ka ajiye buta ɗaya a tsakiya. Wanda ke gabas zai ga bakinta, wanda ke yamma mariƙinta kawai zai gani. Kada ka gyara wa kowa da hannunka. In yaro ya ce ya gama, ka ce ya sake duban butar ya faɗa maka abu ɗaya da bai saka ba. Darasin farko ma ba sai da kwali ba, ƙasa da tsinke sun isa.

TAMBAYA: Malam, ina son karatun zane bayan sakandare. Ina zan nufa? Kuma an ce koyarwa na kashe mai zane, gaskiya ne?
Daga wata ɗaliba, Yelwa, Bauchi.

AMSA: 'Yata, sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya shi ne tsohon gida a Arewa. Jami'ar Maiduguri ma na koyar da shi. In tsara yadi da tukwanen zamani da zanen talla kike so, ki duba sashen tsara kayan masana'antu na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa nan kusa da ke. Tun yanzu ki fara tara ayyukanki a jaka ɗaya, kina rubuta kwanan wata a bayan kowanne.

Koyarwa na cin lokaci, wannan ba musu. Ranar da na yi makin takardu ba na iya ɗaga buroshi. Nawa zanen tsakanin sallar Asuba da ƙarfe bakwai nake yin sa, sai kuma lokacin hutu. Amma kisa kam ban yarda ba. Aina Onabolu, wanda ya buɗe wannan hanya a Najeriya, a makarantun Legas ya yi ta koyarwa. Gani Odutokun yana koyarwa a Zariya har hatsarin mota ya ɗauke shi a 1995, kuma a cikin shekarun koyarwar ya yi ayyukan da ake tuna shi da su. Abin da ke kashe mai zane shi ne ya ce sai ya sami sarari. El-Salahi da tsufa ya zo masa da ciwon baya, tsayuwa gaban babban zane ta gagara, sai ya koma zane yana zaune, a jikin kwalayen maganin da yake sha.

Kuma aji na biyan bashinsa. Bara na ajiye wa 'yan aji ɗaya buta a rana, kamar yadda na gaya wa malamin Dukku. Wata yarinya mai shiru-shiru ta kawo mini kwalinta, babu buta a ciki. Inuwar kawai ta cike da gawayi, ta bar gurbin butar fayau, amma duk wanda ya kalla buta yake gani. Na tambaye ta dalili, ta ce rana ta haske mata ido, inuwar ce kaɗai ta iya kallo. Na nemi izininta na riƙe kwalin, yana nan jingine a saman teburina, kuma zane ukun da nake kai yanzu duk daga gare shi suka fito.

Mai tambaya daga Azare a kan fentin mai da ke tsattsagewa da hunturu, ka yi haƙuri, fili ya ƙare. Kafin wata mai zuwa ka rubuto mini ko da me kake sirka fentin, da kuma kwana nawa kake bari tsakanin shafin farko da na biyu.